Takardar da Ta Ƙi Tsufa

Uwar Zane ba ta taɓa son sabuwar takardar kuɗi ba. Abin dariya ne, don ita ce babbar mai zane a gidan buga kuɗi, kuma ba takardar da ke fita daga injinan gidan sai ta bi ta ƙarƙashin gilashinta. Amma in ka miƙa mata sabuwa ƙal, juyi ɗaya za ta yi mata ta maido maka. Tsohuwa take so, wadda ta sha hannu ta yi laushi, ta kwashi warin aljihu da gumi. Irin wannan ce za ta shimfiɗa a tebur ta bi ta layi-layi tana gyaɗa kai, tana duba inda aikinta ya riƙe da inda ya saki.

To ga shi saura 'yan watanni ta yi ritaya, sai aikinta na ƙarshe ya ƙi tsufa.

Takardar tunawa ce, an buga ta don cikar babbar gadar jirgin ƙasa shekara ɗari, kuma ko maƙiyin Uwar Zane ya gan ta sai ya ce an yi aiki. A gabanta ga gada da ƙafafunta cikin kogi, amma rabin jirgin da ke kai kawai aka buga, ɗaya rabin yana bayan takardar. Sai ka ɗaga ta ga haske taragon su haɗu cif, jirgi ya cika. A farin filin da ke gefe, inda ido ke ganin ba komai, hasken nan zai fito maka da zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, ba da tawada aka yi shi ba, a cikin jikin takardar yake. Akwai zare da ya ratsa ta daga sama zuwa ƙasa, kore ne, in ka karkata ta ya koma ruwan zinariya. Igiyar ruwan kogin kuwa, sa mata gilashi ka gani, rubutu ne ƙanana-ƙanana da injin kwafi ba ya iya ɗauka.

Duk wannan bai dami Uwar Zane kamar abu biyu ba. Na farko wani siririn shafi ne da aka yi wa takardar don kada datti da maiƙo su kama ta. Na biyu 'yan layuka ne masu tudu a gefenta, kamar titin jirgi, waɗanda yatsa ke ji ko ido bai duba ba. A kan waɗannan biyun ta yi ta kai ruwa rana da kwamitin gidan, su suna cewa tsada, ita tana cewa takardar da ta daɗe a hannu ita ce mai arha. Daga ƙarshe aka yi sulhu. Za a gwada su a takardar tunawa. In tsofaffinta sun dawo daga bankuna aka ga shafin ya riƙe, tudun bai goge ba, za a sa su a duk kuɗin yau da kullum. In ba a gani ba, magana ta mutu, ita kuma ta tafi gida ta bar wa gidan abin ado.

Wanda ke jiran tsofaffin shi ne shugaban ɗakin gwaji, wani ƙato mai fara'a da kowa ke kira Mai Azaba. Sunan ya dace da shi. Aikinsa ke nan ya ɗauki takarda lafiyayya ya jefa ta injin wanki, ya jiƙa ta da ruwan gishiri, ya shafe ta da mai, ya cukuikuye ta, ya bi ta da dutsen guga, sannan ya rubuta yadda ta ji. Takardar Uwar Zane ta ci duk jarrabawarsa, amma kwamiti ya ce inji ba hannun mutane ba ne.

Duk ranar da buhunan tsofaffin kuɗi suka iso, sai ta sauko ƙasa ta leƙa ɗakinsa.

"Akwai tawa?"

"Yaya, ko ɗaya," in ji shi, yana zazzage buhu a tebur. "Kin yi wa kanki. Wa ya ce ki yi ta da kyau haka? Ni kaina tawa tana cikin akwatin matata, ta ce in na taɓa ta sai dai in nemi wani gidan."

"Kai ma? Kai da ka san abin da muke jira?"

"Yaya, a ofis ni ne Mai Azaba. A gida wata ce."

Ba ta yi dariya ba, sai da ta hau bene sannan ta yi abinta ita kaɗai. Amma abin yana cin ta. An buga takardar nan da yawa, an raba, mutane sun yi layi a babban reshen banki na tsakiyar gari sun karɓa, daga nan shiru. Kowa ya kai tasa gida ya adana. Ita kuwa a wurinta takardar kuɗin da ba a kashewa hoto ce kawai.

Sai ta yanke shawara ta fara da kanta. Ma'aikatan gidan kowa an ba shi 'yan kaɗan daga takardun a ambulan, nata suna nan ba ta taɓa ba. Ta zaro ɗaya ta nufi kantin magani na bakin layinsu, ta sayi man zafi, ta miƙa ta kamar ba komai ba. Mai kantin ya karɓa, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Kai! Ita ce wannan? Mai jirgin nan?"

Ya fito har bakin ƙofa ya ɗaga ta ga rana, ya kira mai shagon kusa ya zo ya ga zalɓe. Uwar Zane na tsaye, daɗi na ratsa ta, don ba ƙarya, yabo da daɗi. Daɗin bai je ko'ina ba ta ga ya ɗaga gilashin teburinsa ya shimfiɗa takardar a ƙarƙashi, kusa da hoton 'ya'yansa, ya ciro wasu kuɗin daga aljihunsa ya zuba a aljihun tebur a madadinta.

"Ba za ka ba wani canji da ita ba?" ta tambaya.

"Wannan? Haba, baiwar Allah. Ai wannan ta jikoki ce."

Haka aka yi ta yi. Kwandastan bas ya cusa tasa a bayan murfin wayarsa. Mai kayan miya ta nannaɗe tata a leda ta ce za ta kai wa surukarta. Mai wankin kai ta maƙala tata a jikin madubi, duk zuwan da Uwar Zane za ta yi sai sun haɗa ido da gadarta, tana nan ƙal kamar ranar da ta fito daga inji. Ta san inda kowace ɗaya take kwana, kuma wannan sanin shi ya fi komai ƙona mata rai.

Mijinta kuwa abin nema ya samu. Malam mai gyaran agogo ne, a ɗakin gaba na gidansu yake aiki, kuma mutum ne da bai san a yar da abu ba. Yana da gwangwanaye cike da ƙusoshin agogunan da masu su sun daɗe da mantawa da su. A ganinsa mutanen gari sun fi matarsa hankali.

"Ranki ya daɗe," ya ce mata, don haka yake kiranta in zai tsokane ta, "ke fa kin fi kowa iya rigima. Wasu na kuka an wulaƙanta aikinsu, ke kina kuka an girmama naki."

"Malam, in ka gyara agogo, mai shi ya kai gida ya cire batir ya ajiye a akwati don kada ya tsufa, za ka ji daɗi?"

"Zan ji mana. Ba zai dawo min da shi ba ke nan."

Ta harare shi, ya ci gaba da dariyarsa yana lalubar ƙusa da hantsaki.

Wata Asabar da hantsi dabara ta faɗo mata, irin dabarar da sai wanda ya shekara da shekaru cikin aikin nan zai yi tunaninta. Tunda kyau ne ya hana takardar yawo, to bari ta rage mata kyau. Matar da ba ta taɓa takardar gwaji a ofis sai da farar safar hannu, ita ce ta zauna a teburin kicin ta dunƙule gadarta a tafin hannu. Sai da ta rufe ido kafin ta iya. Ta warware ta, ta shafa mata man girki, ta goga ta a gindin tukunya, ta ɗiga mata ragowar shayi.

Malam ya shigo neman ashana ya tsaya turus.

"Lafiya? Ko in kira 'yarki ta zo ta gan ki?"

"Tsufar da ita nake yi."

Ya ɗauki takardar da yatsu biyu, ya ja tsumman goge kwano ya share ta sau ɗaya. Man ya tafi, baƙin tukunyar ya tafi, shayin dama tsayawa ya yi a kanta ƙwaya-ƙwaya bai shiga ba. Ban da 'yan alamun lanƙwasa, takarda ta koma yadda take. Suka dubi juna. Uwar Zane ta rasa abin da za ta yi, ta yi fushi ko ta yi alfahari, sai kawai dariya ta ƙwace mata har da riƙe ciki.

"Kin ga aikinki ya fi ƙarfinki," in ji Malam.

Duk da haka ta kai ta shagon mai burodi a cukurkuɗe, tana fatan lanƙwasar ta isa. Mai burodi ya buɗe ta, ya yi salati, ya ce wane marar imani ne ya yi wa wannan takarda haka. A gabanta ya shimfiɗa ta, ya ɗora mata dutsen awo don ta miƙe, ya ce gobe zai saya mata firem.

Saura ɗaya tak a ambulan. Kwamiti kuma ya sa ranar zama a ƙarshen wata, Mai Azaba ya gaya mata a ɓoye cewa in ba abin da zai ajiye a tebur, za su rufe maganar cikin ladabi su ba ta takardar yabo ta rataya a bango. A kan wannan ta ƙarshen ne ita da Malam suka ɗan yi sa-in-sa, don ta kama shi da ita a aljihun riga zai fita.

"Ina za ka da ita?"

"Nan wurin mai hoto. Zai rufe mana ita da leda mai tauri, irin ta katin shaida. Ko ruwa ko ƙura."

"Leda!" Ta dafe ƙirji. "Malam, shekara nawa ina faɗa a kan tudun nan don yatsa ya ji shi, kai kuma za ka binne shi a leda?"

Ya ajiye wasa a gefe, abin da ba ya cika yi ba. "Ki bar mana guda ɗaya mana. Aikinki ne na ƙarshe. Gobe in jikoki sun ce me kakarsu ta yi a duniya, me zan nuna musu?"

Maganar ta shige ta. Ta san ba don kansa yake yi ba, don ita yake yi. Ta karɓi takardar a hankali ta sa a jakarta, ta ce za ta yi tunani. A ranta ta riga ta fara sallamawa. Takarda ɗaya ba za ta juya kwamiti ba, bare ma duk inda ta kai ta adana ta za a yi. Gara a gidanta.

Kwana biyu bayan haka gwiwar Malam ta motsa. Shi ke zuwa kasuwar kifi tun aurensu, don ya ce ita ba ta iya ciniki ba, a kantuna masu gilashi kawai ta iya sayayya. Ran nan dole ta ɗauki kwando da sassafe, yana bin ta da bayani har bakin ƙofa: ta duba ido, ta duba ƙarƙashin kunne, kada ta yarda da farashin farko.

Rabonta da kasuwar kifi har ta manta. Rumfa ce doguwa mai rufin kwano, ƙasa jiƙe sharkaf, ƙarni ya cika ko'ina, masu tura baro na ihun a ba su hanya. Ta tsaya a gaban wata mai kifi, mace mai faɗin kafaɗa da leda ɗaure a ƙugu, tana fafe ciki da wuƙa tana ciniki da mutum uku a lokaci guda. Uwar Zane ta zaɓi kifinta, amma idonta ba a kan kifin yake ba. Kuɗi take kallo. Takarda za ta fito daga hannun mai saye, ta shiga jiƙaƙƙen hannun matar, kafin ta zauna a aljihun leda an zaro ta an ba mai baro, mai baro ya miƙa wa mai shayi. Ba wadda ke minti biyar a wuri ɗaya. Nan ba mai gilashin tebur, ba mai sararin adana abin da zai sayi ƙanƙarar yau.

Ta buɗe jaka. Tsofaffin kuɗin da Malam ya ba ta suna nan, sun isa har da saura. Gadarta ma tana nan a aljihun gefe, sabuwa ƙal. Ta tuna fuskar Malam da maganar jikoki, ta ji nauyi ƙwarai, har ta ɗauki tsofaffin. Sai ta mayar da su. Ta zaro sabuwar ta miƙa.

Mai kifi ba ta ko dube ta ba. Idonta na kan wani da ke taya babban kifi, bakinta na cewa albarka, babban yatsanta kawai ya bi gefen takardar ya goga sau ɗaya a kan layukan nan masu tudu. Shi ke nan. Ta dunƙule ta da hannun da ke ɗigar ruwan kifi ta cusa a aljihu.

Abin mamaki, Uwar Zane sai ta ji zafi. Ita da ta yi watanni tana roƙon Allah ya kawo wanda ba zai yi wa takardar nan kallon amarya ba, yau ta same shi, kuma ranta ya sosu. Ba jirgi, ba zalɓe, ba zare mai canja launi. Har ta buɗe baki za ta ce a ɗaga ta ga haske, sai mai ƙanƙara ya iso da baronsa ya sauke buhu biyu. Matar ta zura hannu ta damƙo kuɗi ta ba shi, gadar na ciki, ɓawon kifi manne a kan ƙafarta ɗaya, jan ruwa ya ɗiga a farin filin zalɓe. Mai ƙanƙara ya share goshi da hannun da ke riƙe da ita, ya ninke ta gida huɗu ya tura a safarsa, ya ja baro ya yi gaba.

"Baiwar Allah, ga kifinki, ga canjinki. Lafiya kike kallon mutum haka?"

"Takardar nan da na ba ki," in ji Uwar Zane, "ni na zana ta."

Mai kifi ta ɗago ta dube ta a karon farko, ta dubi takalmanta masu tsabta, ba ta nuna ta yarda ko ba ta yarda ba.

"To sannu da aiki. Mai ƙaiƙayin nan a gefe ko? Sau ɗaya na taɓa riƙe irinta. Tana da daɗin riƙo, ba ta silɓewa a jiƙaƙƙen hannu. In da gaske ke ce, ki ce su kawo mana ita nan bankin bakin kasuwa, mu ba ma ganinta." Ta juya. "Na gaba! Wanne kake so?"

An yi wa Uwar Zane jawabai a taron fitar da takardar nan, manya sun tafa mata, ba wanda ya kai mata zuciya kamar wannan. Ta rungumi kwandonta ta bi bayan mai ƙanƙara, tana tsallake kwatami, tana ba masu baro haƙuri. Ta hango shi ya tsaya wurin mai gyaran taya ya sunkuya ga safarsa. Wata motar kaya ta gitta tsakaninsu. Da ta wuce, shi ya yi dama, mai taya na ba wata mata canji, wani yaron mota na karɓar kuɗi a hannun matar, Uwar Zane ba ta iya cewa ga inda takardar ta bi ba.

Nan ta raɓe jikin wani shago ta ciro waya ta kira Mai Azaba.

"Ɗaurin takardun gadar nan da suka rage a rumbun ajiya, suna nan?"

"Suna nan, Yaya. Za a kai babban reshe mako mai zuwa, masu layi na jira."

"Kada a kai. Ka hau sama yanzu ka gaya wa mai raba wa bankuna kuɗi ina roƙon arziki, a kai su reshen bakin kasuwar kifi, da na tashar mota, da duk inda mutane ba su da lokacin kallon hoto. In ya ce sai kwamiti, ka ce su ɗaga zamansu, ni zan zo in yi musu bayani da bakina."

"Wannan hayaniyar fa? Ina kike?"

"Kasuwa. Ka tanadi hancinka, abin da zai dawo maka ba zai yi ƙamshi ba."

Ya ƙyalƙyale da dariya. "To taki ta ƙarshen da kika ba ni labari fa? Malam ya ci nasara, an sa mata leda?"

Uwar Zane ta dubi kasuwar, hannuwa ko'ina suna miƙawa suna karɓa, ruwan kifi na ɗiga daga kwandonta a kan takalminta. Ta san akwai rarrashi a gabanta in ta koma gida, kuma za ta yi shi da gaske. Amma a lokacin farin ciki ne ya cika ta fal, har sai da ta share ido da bakin mayafi.

"Na kashe ta," ta ce.

"Kai, Yaya! Tana ina yanzu?"

"Wallahi ban sani ba."